Jawabi A Kan Kofaton Jaki, Da Yadda A Ke Gyaransa

Abin da ya tara mu yau ƙanƙane ne ga ido, bai cika tafin hannun babban mutum ba, watau kofaton jaki. Na san akwai waɗanda za su ce, "Ashe har kofaton jaki ya isa a tara mutane dominsa?" To, ku dubi abin da ke bisansa. Ruwan gida a kansa ya ke zuwa, da itacen girki, da takin da a ke kaiwa gona da bazara, da dammunan hatsi da kaka, da yashin magina. Ran da ƙafa ɗaya ta ƙi taka ƙasa, duk waɗannan kaya sun koma kan matar gida da yara, ko kuwa kan aljihun maigida.

Jaki kuma ya bar zama abin arha. Fataucin fatarsa zuwa ƙasar Sin, inda a ke dafa ta a yi wani irin magani, ya cinye jakai masu yawa a Afirka, har Nijar ta hana fita da su daga ƙasarta a shekarar 2016, sa'an nan a watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a hana yanka jakai domin fata. Wanda ya je taya jaki a Maigatari, ko Mai'aduwa, ko Illela, ba ya bukatar in gaya masa sauran. Saboda haka wanda ke hannunka, ko auraki ne, ko duna, ko fari, ko idabari, ya kamata ya daɗe maka.

Kafin mu ɗauki wuƙa, sai mu san asalin dabbar. Jakin gida daga jakin jeji na arewa maso gabashin Afirka ya fito, wanda har yanzu akwai ragowarsa 'yan kaɗan a Habasha da Eritiriya. Masana da suka bincika asalin jakai na ƙasashe da yawa sun bayyana a shekarar 2022 cewa a Afirka aka fara sabar da shi da mutane, shekara wajen 7,000 da suka wuce. Ƙasar kakanninsa ƙasa ce ta duwatsu da tsakuwa, ruwan sama kaɗan, tafiya mai nisa tsakanin ciyawa da mashaya. A irin wannan wuri kofato yana tsiro, dutse yana cinsa, tsiro da ci suna tafiya daidai, ba mai bukatar a yanke masa kome. Kofaton jaki kuwa ya fi na doki shan ruwa. A busasshiyar ƙasa wannan alheri ne gare shi, gama ba ya saurin tsagewa. Amma in an tsai da shi cikin taɓo da fitsari kwana da kwanaki, sai ya jiƙe ya yi laushi, ruɓa ta sami ƙofa. Yawancin wahalar kofato daga wuri biyu ta ke fitowa: ko jaki ya rasa tafiyar da za ta ci kofatonsa, ko ya rasa busasshen wurin tsayawa.

Yanzu ku ɗaga ƙafar jaki cikin zuciyarku, mu duba abin da ke ciki. Abin nan mai tauri da ku ke gani daga waje, shi za mu kira bango. Daga sama ya ke tsirowa, daidai inda gashi ya ƙare, yana saukowa a hankali kamar farcen mutum, har ya kan ɗauki kusan shekara guda kafin abin da ya tsiro a bakin gashi ya kai ƙasa. In an juya ƙafa, sai a ga tafi, wanda ya kamata ya ɗan lotsa ciki kamar ƙoƙo. Tsakanin tafi da bango akwai wani siririn zare mai haske da ya kewaye kofato, shi ne ɗinkin da ya haɗa su. Ku riƙe shi da kyau, za mu komo kansa. Daga wajen dunduniya kuma akwai wani abu mai kusurwa uku, mai taushi kamar roba, da kwari a ko wane gefe nasa. Turawan Ingila da bakinsu kwaɗo su ke ce masa. Ni dai zan kira shi matashi, domin aikinsa ke nan, shi ke rage wa ƙafa bugun ƙasa, shi ke hana ta santsi. Can ciki kuwa akwai ƙashi, da nama mai jini da jijiya. Wannan nama ya sarƙe da bango ta ciki, kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannuwansa biyu, da wannan sarƙewa ce nauyin jaki duka ke rataye. Bango da fuskar tafi ba su jin zafin wuƙa. Abin da ke bayansu kaɗan yana ji ƙwarai.

Ga wani abu da masu gyaran kofaton dawaki su kan manta. Jaki ba ƙaramin doki ba ne. Kofaton doki faffaɗa ne, mai kewaye, a ɗan kwance. Na jaki tsukakke ne, ya fi tsawo bisa faɗi, ya fi na doki miƙewa tsaye, dunduniyarsa kuma ta fi tsayi. Wanda ya zaftare dunduniyar jaki don ta yi kama da ta doki, ya ja jijiyar bayan ƙafa ke nan, ya bar dabba da ciwo. Har wa yau, tafin doki ya kan zubar da mataccen ɓawonsa da kansa, na jaki kuwa bai cika yi ba, sai ya yi ta kauri har ya cika ƙoƙon, jaki ya koma taka ƙasa da tafi maimakon bango.

Aikin ko wace rana ba shi da wuya, ba ya kuma cin kuɗi. Da safe kafin a ɗora akumari, ko da maraice bayan an sauke, a ɗaga ƙafafu huɗu ɗaya bayan ɗaya, a sa ɗan ƙarfe mai lanƙwasa wanda aka dakushe bakinsa, ko tsinken ice mai ƙarfi, a ƙwaƙule laka da kashi da tsakuwa. Ko wane maƙeri zai ƙera maka irin wannan ƙarfe. A fara daga dunduniya a nufi gaba, don in hannu ya kuɓuce kada a soki matashi. A bi kwarin nan biyu har ƙasa, a bi zaren nan mai haske, a cire duk ƙanƙanuwar tsakuwa da ta maƙale. Sa'an nan a shinshina, a kuma dafa bango da tafin hannu. Kofato mai lafiya ba shi da ɗoyi, ba ya fin 'yan'uwansa zafi.

Yadda a ke ɗaga ƙafar ma ilmi ne. Ka tsaya kusa da kafaɗarsa kana fuskantar wutsiya, ka yi masa magana, ka shafo hannu daga kafaɗa har wuyan ƙafa, ka ɗan jingina da shi, sai ya sakar maka. Kada ka ɗaga ta sama ƙwarai, kada kuma ka ja ta gefe. Jaki gajere ne, dogon mutum in ya ɗaga ƙafar zuwa inda ya ji daɗin aiki, ya murɗe masa gaɓa. Kai za ka durƙusa ka same shi. Tsohon jaki ma ya fi bukatar wannan sauƙi, a riƙa sauke masa ƙafa yana hutawa. Wajen ƙafar baya, ka matsa jikinsa sosai, gama shurin da ya sami mutum daga nesa ya fi ƙarfi, jaki kuwa yana iya shuri gaba da gefe, ba baya kaɗai ba. Murɗe kunne, da duka, da kā da shi ƙasa da igiya, duk suna gama aikin yau, su ɓata na gobe, don jaki ba ya mantuwa. In yana da abokin kiwo da ya saba da shi, a tsai da shi kusa, hankalinsa zai fi kwanciya.

To, yaushe a ke yanka? Wata ƙungiya a Ingila mai suna Donkey Sanctuary, wadda Elisabeth Svendsen ta kafa a shekarar 1969, wadda kuma jakai dubbai suka bi ta hannunta, tana ba da shawara a gyara kofato ko wane mako 6 zuwa 10. Amma jakansu a kan ciyawa mai laushi su ke zaune, ba su aikin kome. Namu dabam ne. Jakin da ke zuwa kasuwa da rijiya kullum a kan marmara, ƙasa ce wanzaminsa, watakila ba abin da zai bukata sai a ɗan daidaita masa gefe. Wanda ya ke bukatar wuƙa shi ne jakin da aka ɗaure a turke damina duka don kada ya shiga gonakin mutane, da jaka mai ciki ko mai shayarwa da aka hutar, da tsoho, da mai jinya, da wanda ke aiki a kan rairayi mai laushi ko fadama. Saboda haka ni a ganina a duba da ido ko wane wata, a yanka sa'ad da ido ya ga dalili. Dalilin kuwa shi ne: bango ya zarce tafi da yawa, ko bakinsa ya soma faɗi yana tsattsagewa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko jaki ya soma tuntuɓe.

Kayan aiki uku ne: wuƙa mai kaifi, in da hali mai ɗan lanƙwasa a baki, da awartaki mai kaifin baki na datse bango, da magagari. Adda da gizago ba kayan wannan aiki ba ne. Ana ɗora ƙafar jaki a kan kututture a sare kofato da adda a wurare da yawa, na kuwa san mai yin haka ba mugunta ke sa shi ba, rashin kaya ne. Amma sara ɗaya ba ya komowa, ba ya kuma fita daidai. Da rani kofato ya kan bushe ya yi tauri kamar ƙaho, sai a tsai da jaki a kan jiƙaƙƙen buhu ko jiƙaƙƙen yashi ɗan lokaci kafin a fara, wuƙa za ta shiga da sauƙi.

Da fari a kora shi a fili mai daidai, a dube shi ta gaba da ta gefe, a ga yadda ko wace ƙafa ke sauka. Sa'an nan a wanke kofato. A soma da tafi, a riƙa fere mataccen ɓawon nan mai kama da alli, siriri siriri, har ƙoƙon ya fito. Bayan ko wane 'yan fera sai a danna da babban yatsa. Muddin tafi yana da tauri kamar katako, da saura. Da ya soma ɗan motsi ƙarƙashin yatsa, a tsaya nan. In an ga ja-ja yana lekowa, an riga an wuce iyaka. Matashi kuwa ba a rage shi, sai dai a yanke yage-yagen da ke reto, a buɗe kwarin gefensa don datti ya riƙa fita. Bayan haka a datse abin da bango ya zarce da shi, kaɗan kaɗan, a bar shi ya ɗara tafi da ɗan kaɗan, domin shi ne mai ɗaukar nauyi. A bi da magagari a daidaita, a ɗaga ƙafar a hango ta daga dunduniya, a ga gefen ciki da na waje sun zo ɗaya. A ƙarshe a goge kaifin bakin bango ya zama da ɗan kewaye, don kada dutse ya ɓalle shi. Kada a kankare fuskar bango ta waje don neman kyau, rage masa ƙarfi ne kawai.

Ma'aunin aikin ga shi. In jaki ya tsaya a wuri mai daidai, ka dube shi ta gefe, gaban kofato da wuyan ƙafa su bi miƙaƙƙen layi ɗaya, ba karyewa a bakin gashi. Jaki kuma ya tafi bayan gyara kamar yadda ya zo, ko fiye. In ya zo lafiya ya koma yana ɗingishi, an ci da yawa.

Akwai kofaton da aka bari shekara ko fiye, har ya yi tsawo ya lanƙwashe sama kamar bakin kwalekwale, jaki yana tafiya a kan dunduniya. Irin wannan ba a gyara shi rana ɗaya. Jijiyoyi da gaɓoɓi sun riga sun saba da karkatar, ƙashin ciki ma watakila ya sake zama, ba a san inda nama ya tsaya ba. Sai a rage kaɗan, a bar shi mako biyu ko uku, a sake ragewa, a hannun wanda ya ƙware, in da hali da sanin likitan dabbobi.

Bari mu zo ga cuce-cuce. Ku fara sanin wannan: jaki mai ɓoye ciwo ne. Doki in ƙafa ta dame shi, duk unguwa sai ta sani. Jaki kuwa sai ya yi shiru, ya rage sauri, ya yawaita kwanciya, ya sunkuyar da kai, mai shi ya ce ƙyuya ce, ya ƙara masa sanda. Jakin da ya saba tafiya, yau ya ƙi, a duba ƙafarsa kafin a ɗaga sanda.

Ta farko ita ce ruɓar matashi, cutar damina. Za ka ga baƙin ruwa mai ɗoyi cikin kwarin nan, matashi ya yi laushi yana yagewa. A yanke ruɓaɓɓen, a wanke da ruwan gishiri ko aidin da aka sirka da ruwa, kullum, a kuma sake masa wuri. Maganin gaskiya shi ne wurin tsayawa: a share kashi ko wace safiya, a zuba yashi ko marmara a tada wurin don ruwa ya gangare, a yi 'yar rumfa, a riƙa matsar da turke.

Ta biyu ta fi ta farko ɓarna, ta kuma fi kama jaki bisa doki. Zaren nan da ya haɗa bango da tafi shi ke ruɓewa, ya zama gari-gari, fari ko toka-toka, rami ya buɗe yana hawa sama a bayan bango. In ka ƙwanƙwasa wurin sai ka ji amon holoƙo. Ƙwayoyin da ke cinsa ba su son iska, saboda haka toshe ramin da kwalta ko ƙaro taimakonsu ne. Sai gwani ya yanke bangon da ya rabu, ya buɗe wurin, a riƙa tsabtace shi har sabon bango ya sauko. Wannan aikin watanni ne.

Ta uku ita ce mugunya cikin kofato. Ƙaya ta aduwa, ko tsakuwa, ko ƙusa ta shiga, ƙofar ta rufe, mugunya ta taru a wurin da ba shi da faɗin kumbura. Jaki ya kwana lafiya, ya tashi ba ya iya sa ƙafa ƙasa, har a yi zaton karaya ce. Kofato ya yi zafi, jijiyar bayan wuyan ƙafa tana bugawa da ƙarfi. Gwani ya kan nemo baƙin ɗigon, ya buɗe 'yar ƙofa mugunya ta fita, sai a tsoma ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri, a naɗe da tsumma mai tsabta, a sake kullum. In an ƙyale, sai ta bi sama ta fashe a bakin gashi. In kuwa ƙusa ce ta shiga tsakiyar matashi, wannan ba aikin gida ba ne, gama gaɓa da jijiya suna kusa. A lura da inda ta shiga da zurfinta, a nemi likita ran nan, a kuma roƙi allurar cutar sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus, don ta irin wannan rauni ta ke shiga, jakin da ta kama kuwa ba safai ya ke tashi ba.

Ta huɗu daga ciki ta ke zuwa, ba daga ƙasa ba. In jaki ya sami buhun dawa ko masara a buɗe ya ci ya ƙoshi, ko aka cika masa hatsi farat ɗaya, ko ya yi ƙiba ƙwarai a kan ɗanyar ciyawa, naman nan da ya sarƙe da bango ya kan kumbura, sarƙewar ta saki, har ƙashin ciki ya karkata ya danno tafi. Yawanci ƙafafun gaba biyu ta ke kamawa tare. Jaki ya riƙa taku gajere gajere kamar mai tafiya a kan ƙaya, yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan. A janye hatsi nan da nan, a tsai da shi a kan yashi mai laushi, kada a tilasta masa tafiya, a riƙa sanyaya ƙafafun da ruwa, a kira likita. Amma kada a hana shi abinci ɗungum. Jaki in ya bar ci, kitsen jikinsa ya kan malalo cikin jini ya lalata hanta, wannan kuwa yana kisa. A ba shi busasshiyar ciyawa da kara. Gaskiya jakanmu rama ta fi damunsu bisa ƙiba, amma ƙofar rumbu da aka bari a buɗe ba ta zaɓen mai ƙiba.

Jakin birni kuma, mai jan kura ko ɗaukar yashi a kan kwalta, tasa wahalar ita ce kishiyar ta jakin turke. Titi yana cin kofatonsa fiye da yadda ya ke tsiro, tafi ya yi siriri, ya riƙa neman gefen hanya da kansa. In ya nema, a bar shi. A rage kaya, gama buhun hatsi mai kilo 100 ya kusa nauyin jakin kansa, ƙafafun gaba kuwa tun ba kaya su ke ɗauke da fiye da rabin jikinsa. A hutar da shi har kofato ya tsiro. A Masar da Maroko a kan buga wa jakan aiki takalmin ƙarfe, amma takalmin da ba gwani ya buga ba, gara babu.

Sauran magungunan da na ke roƙonku ku bari: baƙin man mota, da ruwan batir, da lalas da wuta. Baƙin mai ba ya kashe ruɓa, rufe ta ya ke yi. Ruwan batir da wuta kuwa suna ƙona nama mai rai, su ƙara rauni a kan rauni. Haka kuma dabaibayi da igiyar roba siririya: tana yanka fata kusa da bakin gashi, in kuwa matsirar kofato ta sami tabo, bangon da zai fito daga nan da tsaga zai riƙa fitowa, watakila har iyakar ran dabbar. In dabaibayi ya zama dole, a yi shi da tsumma mai faɗi mai laushi, a riƙa kwance shi ana duba wurin.

Wanda jakarsa ta haihu, ya soma tun ɗan yana 'yan makonni. A shafa ƙafafunsa, a ɗaga ko wace ɗaya ɗan lokaci kaɗan a sauke, kusa da uwarsa, yau da gobe, har ya zama ba ya kula. A dubi kuma yadda ya ke tsayawa. In ƙafa ta soma karkata ciki ko waje, ko yana taka ƙasa da bakin kofato kaɗai, a nuna wa malamin dabbobi tun cikin watannin farko, lokacin da ƙashi bai ƙosa ba, magagari kaɗan yana iya miƙar da ita.